Wane irin tambari zan riƙa sa wa hotunan ɗinkina don a daina damfarar mutane da su?

Maman Ikram, Agege

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar hoto da waya, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina, domin sai na faɗi yadda abin ya faru kafin a fahimci abin da nake tambaya.

Ni tela ce, ina da ƙaramin shago a Agege inda ni da yara huɗu muke ɗinkin mata, musamman dogayen riguna na leshi da atamfa, da abaya mai duwatsu, da kayan fitar biki. Yadi a kasuwar Balogun nake saro shi, wani lokaci kuma 'yar'uwata ta aiko mini daga Kantin Kwari a Kano. Kusan duk cinikin da nake samu daga wajen unguwarmu ta hanyar hoto yake zuwa, domin duk rigar da muka gama sai an ɗauke ta, a hoto ko a gajeren bidiyo, na ɗora a Instagram da kuma sitatus na WhatsApp, tare da sunan shagon a rubuce a kusurwar ƙasa ta dama.

Mako uku da suka wuce wata baiwar Allah ta zo shagona daga Idi-Araba ranta a ɓace, tana cewa ta biya naira 65,000 kuɗin riga tun wata biyu da suka gabata, ba ta ga riga ba, kuma an daina ɗaukar wayarta. Ban taɓa ganinta ba. Da ta buɗe wayarta sai ga wani shafi mai suna daban, cike da hotunana, har da wani bidiyo da ake jin ƙarar kekena da muryar ɗaya daga cikin yarana a ciki. An datse ƙasan kowane hoto, sunan shagona ya tafi, an ɗora wata lambar waya a sama. Wata ƙawarta da ta taɓa yin ɗinki a wurina ce ta gane labulen shagon ta yi mata kwatance. Da ƙyar da taimakon maƙwabta ta yarda cewa sunan da ke kan asusun da ta tura wa kuɗi ba nawa ba ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗana ya ce kada ma in wahalar da kaina, wai yanzu akwai manhajojin da ke goge kowane irin tambari cikin ƙiftawar ido. Ni kuma ina tsoron idan na shimfiɗa ƙaton rubutu a tsakiyar riga zai rufe aikin da ake son a gani, alhali aikin wuyan da jeren duwatsun su ne ke sayar da kayan. To, a ina ya kamata a sa tambarin, kuma wane iri, a hoto da kuma bidiyo? Akwai wanda ba ya gogewa? Sannan idan an cire shi an ci kuɗin mutane da hotona, akwai abin da doka ta tanadar mini, ko sai dai in bar wa Allah?

Mai Hoton Biki, Obalende

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar wa wannan baiwar Allah da alheri. Na shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar hoton biki da suna a Legas, kuma abin da ya same ki ya same ni fiye da sau ɗaya, saboda haka zan faɗa miki abin da na koya da gumina.

Kuskuren farko shi ne kusurwa. Dukkanmu da ita muka fara saboda ba ma son ɓata hoto, amma tambarin da ke kusurwa bai bambanta da kwaɗon da aka rataya a jikin bango aka bar ƙofa a buɗe ba, tunda ko yaro ɗan firamare ya san yadda ake datse gefen hoto a waya. Tambari dole ne ya hau kan abin da ɓarawon yake so, ta yadda idan ya yanke shi ya yanke rigar. Sai dai hawa kan riga ba yana nufin rufe aikin wuya ba. Ki nemi wurin da zanen yadin ya fi cunkushewa, misali daga ƙugu zuwa gwiwa a rigar leshi, ki ɗora rubutun a karkace, ki rage kaurin launinsa zuwa kamar kashi 30 cikin 100, ta yadda za a karanta shi kuma a riƙa hango yadin ta cikinsa. Dalilin zaɓen wuri mai cunkoson zane shi ne, wanda ya goge rubutun dole ne ya cike gurbin da wani abu, kuma cike gurbi a kan farin bango ko baƙar abaya marar ado abu ne mai sauƙi, amma a kan furen leshi ko jeren duwatsu sai ya bar tabo. Manhajoji irin su Canva da Snapseed sun ishe ki wannan aiki, mu kuma da muke fitar da hotuna da yawa a lokaci ɗaya da Lightroom muke yi.

Akwai wani abu da yawancin masu sayar da kaya ba su sani ba. A shekarar 2017 masu bincike na kamfanin Google sun nuna cewa idan tambari iri ɗaya ne a kan hotuna masu yawa, kwamfuta na iya tara hotunan, ta gano abin da ke maimaituwa a cikinsu, ta fitar da ainihin siffar tambarin, sannan ta cire shi daga dukkansu ba tare da an ga alama ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne sun ce sauya wa tambarin wuri kaɗai bai hana hakan ba, abin da ya wahalar da kwamfutar shi ne a riƙa ɗan lanƙwasa siffarsa daban a kowane hoto. A shekarar ne kamfanin Shutterstock, mai sayar da hotuna, ya sauya nasa tambarin bisa wannan darasi. A wurinki ma'anar ita ce kada ki ajiye tambari ɗaya ki riƙa buga shi kamar hatimin ofis. Ki tanadi kamar uku ko huɗu masu bambancin karkata da girma, ki riƙa juya su.

Asalin abin ma ba a kan takarda aka san shi ba, a cikinta yake. Idan kika ɗaga takardar naira 500 ko 1000 ta fuskar haske za ki ga wata siffa da ba da tawada aka buga ta ba. Masu yin takarda a garin Fabriyano na ƙasar Italiya ne suka fara wannan dabara a ƙarshen ƙarni na 13, suna ɗaura waya mai siffa a jikin rariyar da ake zuba kullin takarda tun yana jiƙe, sai wurin ya fi sauran sirantaka. Daga nan sunan da masu waya ke kira wotamak ya samo asali. Namu na hoto fenti ne kawai a sama, shi ya sa yake kankaruwa.

Game da bidiyo, abu mafi amfani shi ne tambari mai yawo. Ki lura da yadda TikTok ke yi: idan aka sauke bidiyo daga can, sunan mai shi yana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, don kada a datse shi da yanka ɗaya. Za ki iya yin haka da CapCut ko InShot, ki sa sunan ya fara a ƙasa, ya koma tsakiya lokacin da aka juya rigar, ya ƙare a sama. Idan kuma kina da niyyar buɗe tasha a YouTube, ki sani ƙaramin tambarin da suke ba mutum damar sa wa a kusurwa ba ya cikin bidiyon kansa, a fuskar kallo kawai yake, duk wanda ya sauke bidiyon ba zai same shi ba.

Na ƙarshe, kada ki taɓa ɗora ainihin hoton mai cikakken girma. Faɗin fiksel 1080, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, ya isa a gani da kyau a waya. Babban ki ajiye shi yadda ya fito, tare da sauran 'yan'uwansa da aka ɗauka a zama ɗaya waɗanda ba ki ɗora ba, domin ranar gardama su ne shaidarki.

Ɗan Computer Village, Ikeja

Hajiya, ina mai ba ki haƙuri, amma ɗanki yana da gaskiya a rabin maganarsa, kuma gara ki ji ta daga yanzu. Shawarar da Malam mai hoto ya ba ki tana da kyau, sai dai binciken 2017 da ya ambata ya zama tsohon labari, domin wancan sai an tara hotuna da yawa kafin ya yi aiki, yanzu kuwa hoto ɗaya tak ya wadatar. Wayoyi da dama da muke gyarawa a nan suna zuwa da magogin hoto a cikinsu tun daga kamfani, mutum ya shafa yatsa a kan abin da ba ya so, ƙirƙirarriyar basira ta share shi ta zana abin da take tsammanin yana ƙarƙashi. A watan Maris na 2025 kafafen labaran fasaha sun yi ta ba da rahoton yadda mutane ke amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta Google mai suna Gemini 2.0 Flash suna goge tambarin manyan kamfanonin hoto irin su Getty Images. Idan har nasu ya gogu, babu wanda zai yi miki alƙawarin tambari na fili da ba ya gogewa, wanda ya yi kuwa kuɗinki yake so.

Inda ban yarda da ɗanki ba shi ne cewarsa kada a wahala. Ɓarawon hoto ba hoto ɗaya yake sata ba, shafi guda yake so ya cika cikin dare ɗaya, kuma akwai teloli da yawa da ba su sa komai a nasu ba. Idan naki sai ya zauna ya gyara su ɗaya bayan ɗaya, wasu ma su fito da furen leshi a dagule, zai wuce gaba. Bidiyo ya fi ba shi wahala nesa ba kusa ba, saboda a kowace daƙiƙa akwai kimanin hotuna 30 da dole a gyara, ga riga tana motsi.

Kin tambayi wanda ba ya gogewa. Mafi kusa da shi shi ne ɓoyayyen tambari, wanda ake saƙa shi cikin launukan hoton ta hanyar sauye-sauye ƙanana da ido ba ya iya gani, sai manhaja ta musamman ce ke karanta shi. Kamfanin Digimarc ya daɗe yana wannan sana'a tun shekarun 1990, kuma mai inganci yakan jure a rage girman hoto ko a matse shi. Google ma ta fito da nata mai suna SynthID a 2023, amma wannan don gane hoton da na'ura ta ƙirƙira ne, ba na masu shago ba ne. Akwai kuma tsarin C2PA da Adobe da Microsoft da BBC da wasu suka kafa a 2021, wanda ke liƙa wa hoto takardar tarihinsa mai sa hannu, kuma kyamarar Leica M11-P ta 2023 ce ta fara zuwa da shi, kuɗinta kuwa ya fi jarin teburina. Na kawo waɗannan ne don ki san suna nan, amma ba na ba ki shawarar ki kashe kuɗi a kansu. Matar da ta zo daga Idi-Araba da idonta ta kalli hoto ta tura kuɗi, ɓoyayyen tambari da ba ta gani ba ba zai hana ta ba.

Haka nan bayanan da waya ke rubutawa a cikin fayil ɗin hoto, waɗanda ake kira EXIF, wato ranar ɗauka da sa'a da samfurin waya, wani lokaci har da wurin da aka tsaya. Idan kika tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, ana matse shi waɗannan bayanai su zube, sai idan a matsayin takarda, wato Document, kika tura shi ne yake isa yadda yake. Wannan yana yi miki amfani ta fuska biyu: naki na asali yana da bayanan, na ɓarawo ba shi da su, sannan ki kula kada ki tura wa baƙo na asalin, don yana iya ɗauke da kwatancen shagonki ko gidanki.

Abin da nake so ki ɗauka a matsayin aikin mako-mako shi ne nema. Ki zaɓi hotuna biyar da suka fi samun masu kallo, ki saka su a Google Lens ko TinEye, wanda ke wannan aiki tun 2008, za su nuna miki wasu wuraren da hoton ya bayyana. Ba sa ganin sitatus na WhatsApp ko shafukan da aka kulle, kuma ba kowane abu na dandalin sada zumunta suke kamawa ba, saboda haka tsofaffin abokan cinikinki, irin ƙawar nan da ta gane labule, sun fi kowace manhaja ido.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12

'Yata, ni ban san harkar waya ba, jikana ne ya karanta mini wannan magana kuma shi ke rubuta mini amsa, amma na ga kamar ana neman a ɗora wa tambari nauyin da ba nasa ba. Shekara talatin ina karɓar albasa daga Aliero da Sakkwato a wannan kasuwa. Kowane buhu da ke sauka daga mota akwai harafin mai shi a jiki da fenti, haka ma ragunan da ake kawowa Legas gabanin babbar Sallah. Ban taɓa jin wanda ya ce fentin yana hana sata ba, domin ɓarawo na iya juye albasar a wani buhu. Amfaninsa shi ne mai saukewa da dillali da mai saye su san kayan wane ne, kuma idan aka ga buhuna a hannun wani da alamar an kankare, ba sai na yi dogon bayani a gaban shugabannin kasuwa ba.

A ganina ba hoto aka sace miki ba, amana aka sata. Hoton yana nan a wayarki. Abin da ya salwanta kuɗin wata baiwar Allah ne da kuma sunanki. Saboda haka rubutun da za ki sa ba ɓarawo za ki yi wa ba, mai saye za ki yi wa. Sunan shago kaɗai ba ya gaya mata inda za ta kira, ki haɗa da lambar wayar shagon, kuma ki sanar a shafinki cewa asusu ɗaya gare ki, mai ɗauke da suna kaza, duk wanda ya ba da wani ba ke ba ce.

Sannan tunda Malam mai hoto ya ce tambarin asali a cikin takarda yake, me zai hana naki ya kasance a cikin shagon? Ki ba masu buga allo su buga miki labule da sunan shagonki jere a ko'ina, ki riƙa tsayar da riga a gabansa. Ki ɗinka sunan a kan ɗan ƙyalle ki maƙala a ƙirjin rigar da allura kafin a ɗauka. A bidiyo kuma ki yi magana da bakinki tun daga farko har ƙarshe, ki ambaci shagon da unguwar, hannunki yana taɓa yadin. Wanda ya kashe muryar ya sa kiɗa, mai hankali za ta tambayi dalili. Kuma duk wadda za ta tura kuɗi mai yawa ki ce ta kira ki ta bidiyo ta ga rigar a hannunki, gani ya kori ji.

Barista, Ikoyi

Hajiya, ina taya ki jimami. Abin da zan rubuta bayani ne na gaba ɗaya, ba zai maye gurbin zama da lauya a duba takardunki ba, amma amsar tambayarki ta ƙarshe ita ce akwai abin da doka ta tanada, kuma ba kaɗan ba.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988, tana kare hoto tun daga lokacin da aka ɗauke shi, ko da tambari ko babu, ko an yi rajista ko ba a yi ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajista ga mai so, kuma takardarta tana ƙarfafa hujja, amma ba ita ke haifar da haƙƙin ba. Kariyar hoto da bidiyo tana kai shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da su ga jama'a. Sabuwar dokar ta zo da abubuwa biyu da suka shafe ki kai tsaye. Ta ba mai haƙƙi damar aika wa kamfanin da ke ɗauke da shafi sanarwa a rubuce cewa a sauke abin da aka sata, sannan ta haramta cirewa ko sauya bayanan da ke nuna mai aiki da gangan don a ɓoye sata. A fahimtata sunan shago da aka rubuta a jikin hoto yana cikin irin waɗannan bayanai, saboda haka datse shi da aka yi laifi ne na biyu a kan na farko, kuma yana rushe duk wani uzuri na cewa ba a san hoton yana da mai shi ba. Wannan ne amfanin tambari a wurin lauya ko da an goge shi. A Amurka ma, inda manyan kamfanonin dandalin suke, dokarsu ta 1998 ta yi irin wannan tanadi, da diyya daga dala 2,500 zuwa 25,000 a kan kowane cirewa.

Akwai wata tambaya da dole ki amsa wa kanki kafin ki cike kowane fom: wane ne ya ɗauki hotunan? Kin ce “sai an ɗauke ta”, ba ki ce ke kika ɗauka ba. Doka tana ba wanda ya ɗauki hoto haƙƙin ne tun farko, ba mai rigar ba. Idan ɗanki ne ko wani mai hoto da kika biya, ki sa ya rubuta miki takarda ya sa hannu cewa ya mallaka miki, domin mallakawa ba ta inganta sai a rubuce. Ina kuma jan kunnen masu karatu, ba ke ba, game da ɗabi'ar da ta zama ruwan dare, ta a kwaso hoton abaya daga shafin wani shago na Dubai ko Turkiyya a buga masa sunan kai. Wannan ba kariya ba ce, shi ne ainihin abin da ake kuka da shi, kuma dokar ta hana liƙa bayanan mallaka na ƙarya. Ki kuma sani cewa haƙƙin hoto bai hana wata tela ta ga salon ta ɗinka irinsa ba, wannan wani babi ne daban.

Kafin ki kai rahoto ki tara shaida, domin da zarar an sauke shafin ta tafi. Ki ɗauki hoton fuskar wayar yana nuna sunan shafin da kwanan wata da lambar da suka sa, ki kwafe adireshin kowane hoto, ki ajiye su tare da naki na asali. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da shaidar da ta fito daga kwamfuta ko waya idan aka cika sharuɗɗansa, shi ya sa bai kamata ki sayar da wayar da aka ɗauki hotunan da ita yanzu ba. Daga nan ki yi amfani da fom na musamman na rahoton haƙƙin mallaka da Facebook da Instagram suke da shi, ba maɓallin rahoto na gama-gari ba, domin wanda aka yi ta kama shi da irin wannan laifi sukan rufe masa shafi. Sai dai kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram ya bayyana cewa yakan miƙa wa wanda aka kai ƙara sunan mai haƙƙi da adireshin imel ɗinsa, saboda haka ki yi amfani da na shago, ba naki na gida ba.

Shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya kaɗai ake yin ta, wadda reshenta na Legas yake nan Ikoyi, kuma gaskiya ba zan ce ki tafi can a kan wanda ba ki san fuskarsa ba, kuɗin zai fi abin da za ki samu. Hanya mafi ƙarfi tana hannun matar da aka cuta. Abin da aka yi mata damfara ce ƙarƙashin dokar zamba ta 2006 da Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, kuma ita ke riƙe da rasit mai sunan asusun da kuɗin ya shiga. Ta kai ƙorafi a rubuce ga bankinta, sannan ga 'yan sanda ko EFCC, ke kuma ki raka ta a matsayin shaida. Hakan zai wanke ki a idonta fiye da rantsuwa.

Mai Hoton Biki, Obalende

Barista, Allah ya ƙara basira. Ina so in ƙara wa Hajiya abu ɗaya da ya shafi mu duka, ki gyara mini idan na yi kuskure. Na ji cewa a sabuwar dokar, wanda ya sa a ɗauke shi hoto don amfanin kansa da iyalinsa, kamar amarya, yana da ikon hana a yaɗa shi ko da haƙƙin na mai hoto ne. Ni tun da na ji haka ba na ɗora hoton biki sai da izinin ango da amarya a rubuce, tambarina kuwa bai ba ni wannan izini ba.

Barista, Ikoyi

Haka ne, Malam, muddin ba a yi wata yarjejeniya daban ba. Ita Hajiya ma, idan abokiyar ciniki ce ta sa rigar aka ɗauka, ta nemi yardarta tukuna, kuma abin da ya fi aminci shi ne a ɗauka daga wuya zuwa ƙasa, domin idan aka sace hoton fuskar matar wani ce za ta yi yawo.

Maman Ikram, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, musamman Baba Alhaji da ya sa jikansa wannan aiki. Na dawo ne in faɗi inda aka kwana.

Barista, tambayarki ta kama ni, domin kusan duk hotunan ɗana ne ya ɗauka da wayarsa. Ya rubuta takardar ya sa hannu yana dariya, kuma da muka duba mun samu na asali guda 41 daga cikin 52 da ke wancan shafi, sauran sun tafi lokacin da ya share waya don samun wuri. Waɗanda muke da su mun tara shaidarsu mun cike fom ɗin da imel ɗin shago. Na kira baiwar Allah ta Idi-Araba, mun yi alƙawarin ranar Litinin zan raka ta bankinta, rasit ɗin yana nan a wayarta.

Labulen an ba da aikinsa a nan Agege, sunan shago da lambar waya jere a kan ruwan toka mai haske don kada ya danne launin kaya. Na gwada tambarin a karkace a kan wata rigar leshi ruwan ƙasa, na ba ɗana na ce ya goge in gani. Ya goge, amma furanni biyu sun haɗe sun zama ɗaya, duk wadda ta san leshi za ta gane. A kan baƙar abaya kuwa ya share shi tas kamar ba a taɓa rubuta komai ba, ga shi abaya ce ta fi tafiya idan azumi ya gabato. Malam mai hoto, idan na maƙala ƙyallen sunan a kan jeren duwatsun hannu na ɗauka a bidiyo kaɗai, ba tare da hoto ba, kana ganin zai wadatar?